Kokawa da Giwan Ruwa: Lacca Domin Hakimai da Malamansu na Ƙasar Gwandu

Maganar da za a yi yau maganar kifi ce. Amma fa ba na miya ba, ba kuwa bandar da a ke kasawa a kasuwa ba. Maganar manyan kifaye ce, irin waɗanda in mutum ya gamu da su sai an yi gumi, wani lokaci har da jini, kafin a san wanda ya ka da wani. Duk wanda ya taɓa zama wurin hira da masunta ya san ba su da labarin da ya fi wannan daɗi a bakinsu. Mutum ya kan manta da yawan kwandunan karfasar da ya kama bara, amma ba ya manta da ranar da giwan ruwa ya ja shi ƙarƙashin ruwa, ko da an shekara talatin. Wanda ya kuɓuce ma ya fi wanda aka kama zama a rai, kullum kuwa ƙara girma ya ke yi a bakin mai ba da labari.

Watakila wani Malamin Hakimi daga wajen Maruda, inda ba bakin gulbi ba, ya ce a ransa, ina ruwan mai gero da dawa da giwan ruwa, wannan ai zancen Sarkawa ne da Kabawan Argungu, ko kuwa mutanen Kalgo da ke kusa da fadama. To, ba haka ba ne. Ruwan da ya sauka a tudu kwari ya ke nufa, abin da aka zuba masa kuma da shi ya ke tafiya. Samarin tudu su kan fita su da rani, su kan je Argungu, waɗansu kallo, waɗansu da koma a kafaɗa. Ba kuwa ƙasar Hakimin da za a rasa tafki ko fadama a cikinta. Abin da a ke so a nuna a laccar nan shi ne, kokawar da mutane ke alfahari da ita ba ƙarfin masunci kaɗai ke kawo ta ba. Kafin a sami jarumin da zai kama babban kifi, sai an sami mai mulkin da ya hana a kama kifin yana ƙarami. Wannan kuwa aikin Hakimi ne da Dagaci da Sarkin Ruwa, da Malamin da ke riƙe da littafi.

Abokan kokawa

Giwan ruwa shi ne babba a cikin kifayen ruwan daɗi na wannan yanki. Akwai shi a Kwara da Binuwai da Gulbin Kabi, da Tafkin Cadi, har zuwa Kogin Nilu. Fari ne mai ƙyalli kamar azurfa, idonsa yana da wani haske rawaya, bakinsa kuwa in ya wage sai ya haɗiye kifin da mutum zai yi murna da kamawa. Kifi shi ne abincinsa. Ya kan laɓe a gurbi mai zurfi, gindin dutse ko kututturen icen da ya nutse, sai ƙaramin kifi ya gitta ya zuƙe shi gaba ɗaya. Masana sun tabbatar ya kan kai tsawon mita 2, nauyinsa kuma ya kan kai kilo 200, ko da ya ke irin wannan ba kasafai a ke ganinsa ba. Manyan nan galibi mata ne, babbar mace guda kuwa ƙwanta ya kan kai miliyoyi. Haƙoransa ƙanana ne ƙwarai, kaushi kawai a ke ji. Makamansa suna wani wuri dabam: ƙayoyi masu ƙarfi jere a gadon bayansa, da wata ƙaya da kaifi kamar zarto a marfin kunnensa, watau inda ya ke shan iska a cikin ruwa. Wanda ya rungume shi ba da sani ba ya ga jini a ƙirji.

Ba shi kaɗai ke faɗa ba. Akwai tsage, wanda bai kai shi girma ba amma ya fi shi zafin rai. Haƙoran tsage a waje su ke, dogaye, suna shiga tsakanin juna kamar tarko, su kan datse igiya da cizo ɗaya. Akwai yauni, mai tafiya gaba da baya yadda ya ga dama, wanda ke yin sheƙa da ciyawa a fadama, in aka matsa kusa da ƙwansa sai ya kai cizo. Akwai ramboshi, babban ɗan'uwan tarwaɗa, ba shi da tsalle, ba shi da ado, sai ja ƙasa kamar sa. Minjirya kuwa ba ta kokawa da kowa, taɓa ta kawai ya isa mutum ya saki abin da ke hannunsa. Kurungu ƙarami ne, amma ƙayarsa in ta miƙe ba ta kwantawa, yara su kan sami rauni a ƙafa daga gare shi wurin su.

Masu fatsa don nishaɗi

A ƙasar Hausa fatsa abin yara ce da mai neman na miya: kara, da zare, da ƙugiya, da tana. A waɗansu ƙasashe kuwa manyan mutane sun mai da ita wasa, kamar yadda a ke sukuwar dawaki. Tun zamanin Turawan mulki a kan ga wani ya ɗauki hutu ya tafi bakin kogi da sandarsa, mutanen gari suna mamakin mai albashi yana shan rana saboda kifin da zai iya saya da sule. Har yanzu mutane su kan taso daga Ingila da Amurka da Afirka ta Kudu, su biya kuɗin jirgi da na masauki, don kawai su ji jan giwan ruwa a hannunsu.

Kayansu sanda ce mai lanƙwasa ba ta karyewa, da wani ƙarfe a gindinta mai kama da ƙwarƙwaron masaƙa, wanda ke naɗe zare mai tsawo ƙwarai. A bakin zaren a kan sa kifi mai rai, ko kifin ƙarya na roba ko na katako mai ƙugiyoyi. Hikimar wasan ita ce, zaren sau da yawa ba shi da ƙarfin ɗaukar nauyin kifin. In aka ja da ƙarfi ya tsinke. Saboda haka an yi wa ƙwarƙwaron wani birki, in kifi ya fizga sai zare ya warware da kyar, in ya tsaya hutawa sai mutum ya ɗaga sanda ya naɗe abin da ya samu. Haka za a yi ta yi, a ba shi kamu goma a karɓe biyar, har ya gaji.

Giwan ruwa kuwa yana da dabarunsa. Da ya ji ƙugiya sai ya zabura, zare yana kuka. Sa'an nan ya taso sama, ya fid da rabin jikinsa daga ruwa, baki a wage, kunnuwa a buɗe, yana kaɗa kai hagu da dama don ƙugiyar ta fita, ko kaifin kunnen ya yanke zaren. In wannan ba ta yi ba sai ya nutse ya nufi duwatsu, ya goga zaren a jikinsu. Wurare biyu sun yi suna wajen wannan faɗa. Ɗaya shi ne gindin gangaren ruwa na Murchison a ƙasar Yuganda, inda Kogin Nilu ke matsewa ya bi ta wata tsaga mai faɗin mita 7, ya faɗo ƙasa fiye da mita 40. A nan mai fatsa yana tsaye bisa dutse mai santsi, ruwa yana tafasa a gabansa, ga kada ga dorina, kifi kuma yana da ƙarfin ruwan a bayansa. Ɗayan shi ne Tafkin Nasir na ƙasar Masar, wanda madatsar Aswan ta tara. A can ne a cikin shekarar 2000 aka kama giwan ruwa mai kilo 104 da sanda da zare, aka rubuta shi a littafin ƙungiyar masu fatsa ta duniya. Shi kuwa tsage, a Tafkin Kariba, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, an fara yi masa gasa ta musamman tun farkon shekarun 1960. Sai an sa waya a bakin zare saboda haƙoransa, duk da haka wanda ke tsira ya fi wanda a ke kamawa yawa, gama bakinsa ƙashi ne, ƙugiya ba ta zama da kyau.

Abu biyu ya kamata Malamai su lura da su daga mutanen nan. Na fari, ƙungiyar tasu, wadda aka kafa a Amurka a 1939, ba ta karɓar labarin baka. Sai an auna kifi bisa sikelin da aka tabbatar da gaskiyarsa, a gaban shaidu, a ɗauki hoto, a aika da guntun zaren a gwada ƙarfinsa. In wani ya taɓa sandar don ya taimaki mai kamun, shi ke nan, an soke. Na biyu, da yawa daga cikinsu in sun gama kokawa, sun auna, sai su mai da kifin ruwa da ransa. Masunci mai iyali zai ce wannan wauta ce ta mai ƙoshi, ba za a ga laifinsa ba kuwa, don wanda ke jiran abin da zai kai gida ba ya wasa da abinci. Amma akwai lissafi a ciki. Babbar macen da aka saki za ta zuba ƙwai baɗi, baƙo kuma zai sake dawowa da kuɗinsa.

Matan Fada

Duk da haka, wanda ya ga yadda a ke yi a Argungu ya san mai sanda da zare daga nesa ya ke faɗa. A nan jiki da jiki ne.

Hakiman Gwandu ba su bukatar a koya musu tarihin abin da ya gudana tsakanin kakanninsu da Kabawa. Tun da Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kabi a 1805, da tawayen Yakubu Nabame a 1849, aka yi ta dāga har zuwan Turawa, ban da 'yan shekarun sulhun da a ke kira Lafiyar Toga. A cikin 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya karɓe shi, aka shirya babban su don girmama baƙo. Daga nan a ke lissafin farkon bikin da aka sani yanzu, ko da ya ke su da al'adunsa sun girme shi nesa ba kusa ba, gama Kabawa mutanen ruwa ne tun zamanin Kanta. A 1970 Janar Yakubu Gowon da Shugaba Diori Hamani na Nijar suka halarta, a 2016 kuma hukumar UNESCO ta sa bikin cikin al'adun da duniya ta yarda a kiyaye. Jikokin waɗanda suka yi ta harbin juna da kibau sun koma shiga ruwa ɗaya suna neman kifi ɗaya.

A kan yi shi wajen ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris, sa'ad da ruwa ya ja baya, kifi ya taru a wurare masu zurfi. Ranar babban su, dubban mutane su kan jeru nesa kaɗan da gaɓar Matan Fada, kowa da homarsa, watau koma biyu masu baki kamar baka, ɗaya a hannun dama ɗaya a hagu, da babbar gora mai buɗaɗɗen baki. Gorar nan ita ce jirginsa, ita ce kwandonsa. Da an harba bindiga sai ƙasa ta ɗauki rawa, ƙura ta tashi, kafin ƙiftawar ido ba a ganin ruwa sai kawuna da goruna. Makaɗa suna cikin kwale-kwale suna zuga, ƙarar kiɗa da ta mutane tana firgita kifi ya rasa inda zai nufa. Sa'a guda ce kawai a ke bayarwa.

Mai ƙaramin rabo zai yi ta cika gora da karfasa da kurungu. Mai neman suna kuwa ba ya kula da waɗannan. Ya kan bar gorar a hannun abokinsa, ya cika ƙirji da iska, ya nutse. A ƙasa ba a ganin kome, don ƙafafun dubban mutane sun dama laka, ruwa ya zama kamar kunu. Da hannu da ƙafa a ke gani. Yana lalube, homa a buɗe, sai ya ji wani abu kamar gungume ya motsa. A nan ne a ke bambanta gwani da ɗan koyo. In ya rufe homa ta wajen wutsiya, bugu ɗaya kifin zai yi ya wuce, watakila ya bar shi da karyayyen baka. Sai ta wajen kai, ya haɗa komar biyu, ya danne da ƙirji yana kiyaye ƙayar baya. Kifin da ya kai nauyin ƙaton namiji, in ya ji an rufe shi, sai ya murɗa jiki gaba ɗaya, ya yi sama da mutumin, ya yi ƙasa da shi, ya nufi inda ya fi zurfi. Shi yana gidansa, mutum baƙo ne. Kifi ba ya gaggawa, mutum kuwa numfashinsa ƙidayayye ne, ƙirji ya fara zafi, kunne ya fara ƙara, ga shawara biyu a gabansa: ya saki ya tsira da ransa, ko ya ƙara daurewa kaɗan. Waɗansu sun saki suna cizon yatsa har tsufansu. Wanda Allah ya ba sa'a ya kan tura ƙafa a laka ya taso da shi, ya shaƙi iska, ya yi kururuwa, abokinsa ya matso. Sa'an nan a cusa hannu a baki a kama muƙamuƙin ƙasa, a zura igiya ta baki ta fito ta kunne, a ɗaure. Ko a nan ma ba a gama ba, don mutane sun yanyame, kowa yana miƙo hannu, wani taimako ya kawo, wani kuwa so ya ke a ce da shi aka kama. Sai an kai gaɓa giwa ke zama zomo.

A ranar kuma a kan ga sauran wasannin ruwa da a ke kira kabanci, irin su tseren kwale-kwale, da iyo, da nutso, da kamun agwagwar ruwa, da kamun kifi da hannu ba koma. Amma kowa ya san abin da aka zo jira shi ne sikeli.

Sikeli

A 2005 kifin da ya ci gasa kilo 75 ne, sai da mutum huɗu suka ɗaga shi. Daga 2010 aka dakatar da bikin saboda rashin zaman lafiya a Arewa, sai a watan Maris na 2020 aka sake buɗe shi, wanda ya zo na ɗaya a shekarar kuwa kilo 78 ya auna, watau ya fi buhun siminti ɗaya da rabi. An ba mai shi kuɗi da mota da kujerar Makka.

Inda kyauta ta yi girma haka, sai an yi tsaro. A 2008 wani ya fito da kifi mai kusan kilo 66, aka yi masa guɗa, aka ce shi ne gwani. Sauran masunta suka ƙi yarda. Su da suka san ruwan kamar tafin hannunsu suka ce kifin nan ba a Matan Fada ya mutu ba, daga wani wuri aka kawo shi aka ɓoye. Aka bincika, aka karɓe kyautar, labari ya kai har gidajen rediyon ƙasashen waje. Kifi na ganinka, mai jar koma. Abin lura a nan shi ne, ba wani baƙon masani ya tona asirin ba, talakawa ne, masu mulki kuma suka saurare su. Da an toshe kunne a ranar, da duk wani nauyi da aka faɗa daga baya ba mai gaskata shi.

Abin da ke sa kifi ya girma

Me ya sa a ke samun kifi mai kilo 70 a Matan Fada cikin sa'a guda, alhali kuwa masunci ya kan shekara a wani wurin bai ga mai kilo 10 ba? Amsar a fili ta ke. An hana su a wannan yanki na gulbin duk shekara, Sarkin Ruwa da mutanensa suna tsaronsa da umurnin Sarki. Tun da can Kabawa suna da gyaran ruwa da fashin ruwa. Abin da ke cikin al'adun nan na gargajiya ba shi a ke dubawa ba yau. Abin dubawa shi ne, ruwa yana da ranar rufewa da ranar buɗewa, ba mai jefa koma sai an ba da izini. Giwan ruwa sai ya yi wajen shekara uku kafin ya fara haihuwa, wanda a ke ɗagawa da mutum huɗu kuwa ya daɗe ƙwarai yana tsallake raga. Ko wace shekara daga cikin shekarun nan akwai wanda ya hana a taɓa shi.

Amma gulbin da kakanni suka sani ya sake. An gama madatsar Bakolori bisa Gulbin Sakkwato a 1978, ta Goronyo kuma bisa Rima a 1984. Sun kawo noman rani, ba mai musun amfaninsu, amma sun rage ambaliyar da ke cika fadamu da damina, alhali a cikin ciyawar fadamar da ruwa ya rufe ne yawancin kifi ke zuba ƙwai, 'ya'yansa su sami abinci da maɓoya. A 2006 sai da aka hana shiga ruwa a bikin Argungu saboda ƙarancin ruwan. Noman shinkafa na rani ya bunƙasa a fadamun Kabi, injuna suna jan ruwa, maganin ciyawa da na ƙwari suna gangarawa. Madatsa ta fi ƙarfin Hakimi. Sauran ɓarnar kuwa a ƙofar gidansa a ke yin ta.

Akwai masu zuba maganin ƙwari na gona a tafki, da safe su tsince kifin da ya taso. Wannan ba su ba ne, kisan kai ne a hankali, gama ya kashe babba da ƙarami da ƙwai, shanu su sha, mata su ɗiba, kifin kuma a kai kasuwa mutane su ci. Akwai masu nakiya. Akwai masu jan taru mai ƙananan idanu, har da gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓi, su kwashe 'ya'yan kifi kamar tsaba a shanya a rana. Cikin tarin nan da a ke sayarwa da mudu akwai giwan ruwan da zai ci mota nan da shekara goma. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana raga mai ido ƙasa da milimita 76, watau inci 3, in ban da waɗansu 'yan kayan da ta keɓe. Gwada wannan ba shi da wuya. Malami ya yanke kara mai tsawon inci 3 ya sa a aljihu, in ya ga raga ya miƙe idonta ya gwada.

Gaskiya ne zamanin En'e ya wuce tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, hukunci yana hannun kotu da ma'aikatan Gwamnati. Amma ma'aikacin kifi ɗaya ba zai kwana a bakin ko wane tafki ba. Mai unguwa ya san wanda ya sayo guba, Dagaci ya san ranar da baƙin masunta suka sauka da irin kayan da suka zo da shi. In Hakimi ya ce an rufe tafki kaza sai ranar kaza, aka yi shela a kasuwa da masallacin Juma'a, magana ta zauna fiye da takardar da aka manna a ofis. Sharaɗi ɗaya ne, kada a ga ɗan gidan Hakimi ko baransa yana fatsa a rufaffen ruwa da dare. Ran da aka ga haka, dokar ta mutu.

A ƙasashen tudu irin na Maruda ba giwan ruwa ne abin kiyayewa ba, don shi yana son ruwa mai yawa mai iska. Tarwaɗa ce da karfasa, da gaiwa mai shiga laka ta kwana rani. Amma ƙa'idar ɗaya ce. Tafkin da aka bar shi ya huta har ranar su na gayya ya fi ba da kifi mai auki bisa wanda yara ke damawa kullum, ranar kuma ta zama ranar murna ga gari duka. Kada kuwa sha'awar babban kifi ta sa wani ya ɗebo 'ya'yan giwan ruwa ya zuba a tafkin gari ba da shawarar ma'aikatan kifi ba. An yi haka a Tafkin Biktoriya na Afirka ta Gabas a shekarun 1950. Zuwa shekarun 1980 ya cika tafkin, ya kawo ciniki mai yawa, amma irin ƙananan kifaye fiye da 200 da ba su a ko ina a duniya sai can suka ɓace ko suka kusa ɓacewa.

Ranar buɗe ruwa tana da nata haɗari. Inda mutane suka yi yawa, wanda ya nutse bai taso ba ba a lura da wuri. Kada a bar mutum ya shiga zurfi shi kaɗai ba aboki mai riƙe gora, kada a bar yaran da ba su iya iyo ba su bi ayari, a kuma sa gwanayen iyo a gefe waɗanda ba su zo kamu ba sai tsaro. Wanda ƙaya ta soke shi ya je asibiti, kada ya tsaya ga toka da tsumma.

Saura aikin Malami. A ko wace ƙasar Hakimi ya kyautu a buɗe littafi na ruwa. A rubuta sunan ko wane tafki da gurbi, da wanda ke tsaronsa, da ranar rufewa da ta buɗewa. Ranar su a kawo sikeli na gaskiya, a fara gwada shi da abin da aka san nauyinsa, kamar buhun taki mai kilo 50, a gaban jama'a. A rubuta irin kifin da ya fi girma, da nauyinsa, da tsawonsa, da garin wanda ya kama, da shaidu biyu. A duba kunnen kifin: na sabon kamu ja wur ne, na kwanan jiya ya kan dushe. Abin da Malami bai gani da idonsa ba kada ya shiga littafi, kome girman mai faɗa. Shekara ɗaya ba za ta nuna kome ba, amma in aka jera shekara goma, Hakimi zai buɗe ya gani ko kifin ƙasarsa ƙaruwa ya ke yi ko raguwa, ya kuma sami abin da zai ajiye gaban Majalisar Sarki da ma'aikatan Gwamnati wanda ya fi "an ce" nauyi.

Lokacin da ya dace a kira Dagatai da Sarakunan Ruwa don sa ranakun kuwa shi ne da kaka, bayan an kai gero gida, tun ruwan fadama bai yanke daga gulbi ba.